KATANGAR DA TA KARKATA: ƘADDARA DA NAUYIN WANDA AKA YI WA GARGAƊI



A cikin littattafan fiƙihu na Mazhabar Malikiyya akwai wata mas'ala wadda ɗalibai kan karanta su wuce, alhali kuwa tana ɗauke da amsar wata babbar tambaya ta wannan zamani. Mas'alar ita ce ta mutumin da katangar gidansa ta faɗo ta kashe mai wucewa. Malamai suka ce idan katangar lafiyayya ce, ta faɗi ba zato ba tsammani, to, babu lamuni a kan mai gida. Amma idan ta karkata, aka zo aka yi masa gargaɗi, kuma ya sami lokaci da halin da zai gyara ta, ya yi sakaci har ta faɗa wa mutum, to, diyya ta hau kansa. Katanga ɗaya ce, mutuwa ɗaya ce, kuma dukkansu da ƙaddarar Allah suka auku. Abin da ya raba hukuncin biyu shi ne sanin da mai gida ya samu, da ikon da ya ke da shi na yin gyara.

Tambayar da wannan fili zai duba a wannan mako ita ce: da ya ke binciken masana ya yawaita a 'yan shekarun nan, ta fannin taurari da likitanci da yanayin ƙasa da na'urori masu ƙwaƙwalwa, har abubuwa da yawa da su ke faɗo wa mutane ba labari yanzu a kan hango su tun daga nesa, shin kalmar "ƙaddara ce" tana nan tana wanke kowa kamar yadda ta ke wanke kakanni?

HUKUNCIN SAYYADINA UMARU

Tun zamanin Sahabbai aka yi wannan muhawara. Lokacin da Sayyadina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya nufi ƙasar Sham, ya isa wani wuri da a ke kira Sargu, sai shugabannin runduna suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, daga ƙarshe ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrahu ya tambaye shi ko wannan gudu ne daga ƙaddarar Allah. Umaru ya nuna masa cewa shiga da komawa duka suna cikin ƙaddara, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka wani kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddara ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Ana cikin haka Abdurrahmanu ɗan Aufu ya iso, ya ba da shaidar cewa ya ji Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana mutanen cikinsa fita.

Abin lura a nan shi ne, da labarin annoba bai riski Umaru ba, da ya shiga Sham babu laifin komai a kansa. Isowar labarin ita ce ta ɗora masa nauyin zaɓi. Binciken masana na yau kuwa, idan an duba shi da kyau, manzon labari ne irin wancan, yana taren matafiya a kan hanya yana faɗa musu abin da ke gaba.

DUWATSUN SAMA

A fara da abin da ya fi nisa. Ran 15 ga Fabrairu, 2013, wani dutse mai faɗin kamar mita 20 ya shigo daga sararin samaniya ya fashe a saman birnin Celyabinsk na ƙasar Rasha. Ƙarar fashewarsa ta farfasa tagogi, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, galibinsu daga tartsatsin gilashi. Babu wanda ya hango zuwansa, don haka babu wanda za a zarga. Wannan ita ce lafiyayyar katanga da ta faɗi.

To, amma ba a kai shekara goma ba al'amarin ya sake. Ran 26 ga Satumba, 2022, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta sa wani ƙaramin kumbo mai suna DART ya yi karo da wani dutse da a ke kira Dimorfos, da gangan, a nisan kilomita miliyan 11 daga duniya. Dutsen bai nufo duniya ba, gwaji kawai aka yi. Da ma yana kewaya wani dutsen da ya fi shi girma cikin awa 11 da minti 55, bayan karon sai aka auna aka ga an rage wa kewayen nasa minti 32. Wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya kautar da tafiyar wani abu na sama da hannunsa.

A farkon shekarar 2025 kuma aka yi ta lissafi a kan wani dutse da aka gano a ƙarshen 2024, har aka ce akwai yiwuwar kamar kashi 3 cikin ɗari ya faɗo wa duniya a watan Disamba na 2032. Aka juya manyan madubban hangen nesa a kansa, cikinsu har da James Webb, wanda aka harba ran 25 ga Disamba, 2021, ya ke zaune kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan. Da aka ƙara auna tafiyar dutsen sai masanan suka sanar cewa haɗarin ya kau daga duniya.

Duba taurari don lissafi da awo daban ya ke da duba su don bokanci. Ranar da Ibrahimu ɗan Annabi ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don rasuwarsa ne, Annabi ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko haihuwarsa ba ta sa su husufi. Da wannan ya tsarkake sama daga camfi, ya bar ta a buɗe ga mai nazari. Abin da nazarin ya haifar yau shi ne, faɗowar dutse daga sama, wadda a da ita ce misalin abin da babu dabara a kansa, ta fara shiga cikin abubuwan da za a tambayi masu iko a kansu.

RUWA DA ƘASA

A sauko ƙasa, inda katangar ta zama katanga ta haƙiƙa. A birnin Darna na ƙasar Libiya, a daren 10 zuwa 11 ga Satumba, 2023, ruwan sama mai yawa ya cika madatsun ruwa guda biyu da aka gina tun shekarun 1970, suka ɓalle, ruwa ya share unguwanni ya zuba su cikin teku da mutanensu, dubbai suka halaka. Ruwan sama daga Allah ya ke, babu mai ja. Amma a shekarar 2022 wani masanin ruwa ɗan ƙasar ya wallafa bincike yana cewa madatsun suna bukatar gyara, kuma in babbar ambaliya ta zo garin yana cikin haɗari. Sharuɗɗan nan uku na malamai sun taru ke nan: karkata, da gargaɗi, da lokaci. A watan Yuli na 2024 wata kotu a Darna ta ɗaure jami'ai goma sha biyu a kan wannan al'amari.

Shekara ɗaya daidai bayan Darna, ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban yanki na Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Wannan madatsa ta taɓa yi wa garin ambaliya a 1994. Masana yanayi kuma sun daɗe suna bayanin cewa iska in ta ƙara ɗumi ta kan ƙara ɗaukar tururin ruwa, sabo da haka ruwan sama ya kan zo da ƙarfi a lokaci guda. Hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ta fi dukkan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye awo. Duk mai riƙe da madatsa ko magudanar ruwa, da duk mai ba da izinin gini a kan hanyar ruwa, labari ya riga ya tare shi a hanya.

Girgizar ƙasa ta nuna iyakar wannan sani. Wadda ta auka wa Turkiyya da Sham ran 6 ga Fabrairu, 2023, ta kashe mutum fiye da 50,000, kuma har yau babu masanin da zai iya faɗin rana ko sa'ar da ƙasa za ta girgiza. Abin da aka sani shi ne wuraren da ɓawon ƙasa ya tsage, da irin ginin da ya kan jure girgiza. Don haka ba a tuhumi kowa da rashin sanin ranar ba, amma an kama magina da 'yan kwangila a kan benayen da suka rufta. Nauyi yana tsayawa daidai inda sani ya tsaya.

CUTA DA MAGANI

Babu inda wannan magana ta fi kusa da gidajen jama'a kamar ciwon amosanin jini, wanda a ke kira sikila. An ƙiyasta cewa a kan haifi jarirai kamar 150,000 da shi a Nijeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Kakanni sun ga yaro yana kuka da ciwon gaɓoɓi, idanunsa sun yi rawaya, suka yi haƙuri suka yi addu'a, kuma sun yi daidai, domin iyakar abin da ke hannunsu ke nan. Yau an san cewa ciwon gado ne, kuma idan miji da mata dukkansu masu rukunin jini na AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da mai ciwon. Gwajin da zai nuna wannan ɗigon jini ne, ana yin sa a asibitoci da yawa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar yin gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini. Waliyyin da aka gaya wa wannan, ya ƙi a yi gwaji don kunya ko don kwaɗayin surukuta, sa'an nan jikoki suka zo suna shan azaba, yana iya cewa ƙaddara ce, kuma gaskiya ya faɗa, amma bai faɗi gaskiyar duka ba.

A ƙarshen 2023 hukumomin magunguna na Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy. A kan ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara wani gurbi a cikin ƙwayoyin gadonsu don su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa, sa'an nan a mayar masa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A nan sharaɗi na uku ya ke aiki, watau iko. Talakan da ɗansa ya rasu ba za a tambaye shi don me bai sayi wannan magani ba. Tambayar tana kan waɗanda suka riƙe maganin a inda masu ciwon ba su da yawa, da kuma hukumomin da ke da ikon samar da abubuwa masu sauƙin kuɗi, kamar gwajin jarirai da magungunan da ke rage tashin ciwon, suka bar su.

Haka zancen ya ke ga zazzaɓin cizon sauro, wanda ya kashe mutum kusan 600,000 a 2023, kamar kashi uku cikin goma a Nijeriya, galibinsu yara ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafi ta farko a 2021, ta biyu a 2023. Kamaru ta fara yi wa yara a watan Janairu na 2024, Nijeriya ta fara a watan Disamba na wannan shekarar a jihohin Kabi da Bayelsa. Allurar ba ta hana ciwon ɗungurungum, tana rage shi ne, kuma sai an cika ta sau huɗu tare da kwana cikin gidan sauro. Duk inda ta isa, nauyin kawo ta ya sauka daga wuyan hukuma, nauyin kai yaro ya hau wuyan uba.

NA'URA BA TA ƊAUKAR ALHAKI

Saura fanni na huɗu, watau ƙirƙirarriyar basira, inda a ke horar da kwamfuta da ɗimbin bayanai har ta riƙa fitar da amsa da kanta. Amfaninta a bayyane ya ke. Gano siffar furotin guda ɗaya, wanda shi ne tubalin aikin jiki, ya kan ci wa masani watanni ko shekaru a da. Wata manhaja mai suna AlphaFold ta fitar da hasashen siffofin fiye da miliyan 200 a 2022, masu ita suka sami rabo a kyautar Nobel ta 2024. A 2023 kuma aka nuna wata da ke hasashen yanayi na kwana goma cikin ƙasa da minti ɗaya. Ma'anar wannan ita ce gargaɗi zai riƙa zuwa da wuri, uzuri kuma ya ƙara raguwa.

Sai dai wani sabon uzuri ya kunno kai. Kamar yadda mai sakaci ya ke cewa "ƙaddara ce", haka ma'aikacin zamani ya fara cewa "na'ura ce ta faɗa". Waɗannan na'urori suna kuskure, har su kan ƙaga maganar da babu ita su jera ta cikin lafazi mai daɗi. Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin fannin, ya bar aikinsa a kamfanin Google a 2023 don ya sami sakewar yin gargaɗi a kan haɗarinsu. Shari'a ta daɗe da warware irin wannan. Lokacin da taguwar Bara'u ɗan Azibu ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Annabi ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuwa tana kan mai dabba. Ba a kai taguwa gaban alƙali. Haka kuma wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilmin likita ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Na'ura ba ta da niyya, ba ta da lahira, sabo da haka alhakin abin da ta yi yana kan wanda ya ƙera ta da wanda ya sake ta da wanda ya yi aiki da maganarta bai bincika ba. Wannan ya haɗa da mai neman fatawa a wurinta ya yaɗa.

WASU TAMBAYOYI

Mai karatu yana iya cewa wannan magana tana rage wa imani da ƙaddara daraja. Amsa ita ce, imani da ƙaddara rukuni ne, babu Musulunci sai da shi, kuma shi ne ke sanyaya zuciyar uwar da ta rasa ɗa bayan ta yi iyakar ƙoƙarinta. Malaman da suka ɗora wa mai katanga diyya su ne dai malaman da suka karantar da wannan rukuni, ba su ga karo tsakanin biyun ba. Ƙaddara hujja ce ga wanda masifa ta sama. Wanda sakacinsa ya jawo masifar, tuba da gyara ne a gabansa.

Wani kuma ya ce ai masana su kan faɗi abu yau gobe su sake, ta yaya za a ɗora hukunci a kan maganarsu? Fiƙihu da kansa yawancinsa a kan rinjayen zato aka gina shi. Alƙali yana hukunci da shaidu biyu, alhali yana yiwuwa su yi kuskure, majinyaci yana ajiye azumi da maganar amintaccen likita. Masanan da suka ce dutse yana iya faɗowa, daga baya suka ce haɗari ya kau, sun nuna gaskiyarsu ne, domin sun faɗi abin da awo ya ba su a kowane lokaci. Abin da ya wajaba shi ne tantance mai gargaɗin, a san gwani ne kuma amintacce, kamar yadda a ke tantance mai ruwaya.

Akwai kuma iyaka ta ɗaya gefen, domin iya yin abu bai halatta shi ba. A 2018 wani masani a ƙasar Sin ya sanar cewa ya taɓa ƙwayoyin gadon wasu tagwaye tun kafin a dasa su a mahaifa, gyaran da zai bi zuriyarsu, ba tare da wata larura da ta tilasta ba. Masanan duniya suka yi tir da shi, kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara uku a 2019. Ilmin da ya ke wajabta gyaran katanga bai ba mai shi izinin rushe ta maƙwabci don gwaji ba.

NAUYIN AL'UMMA

Imamu Gazali, a cikin littafinsa Ihya'u, ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, watau waɗanda in wasu suka tsaya da su sauran sun huta, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ya kuma koka da garuruwan zamaninsa da suka cika da masu nazarin rassan fiƙihu alhali ba su da likita Musulmi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi wallafe-wallafe a kan magani. Al'ummar da ta ƙi koyon awon madatsa da gwajin jini don kada a ce ta sani, ba ta tsira ba, domin jahilcin da mutum ya zaɓa da kansa ba uzuri ba ne.

Sabo da haka kowa ya duba katangar da ke hannunsa. Ta mai mulki ita ce madatsa da asibiti da rahoton da aka ajiye masa a kan tebur. Ta malami ita ce mumbari, inda kalma ɗaya za ta sa iyaye su kai yara rigakafi ko su hana. Ta waliyyi ita ce takardar gwaji kafin a sa ranar aure. Ta masani kuwa ita ce ya faɗi abin da ya gano a cikin harshen da jama'a ke ji, ya kuma faɗi inda saninsa ya ƙare. Wanda ya yi wannan, sa'an nan abin da Allah Ya rubuta ya zo, to, shi ne ya cancanci ya ce ƙaddara ce, ya kuma sami ladan haƙuri cikakke.

Allah Ya ba da ilmi mai amfani da ikon aiki da shi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.